Jaririn da aka haifa mata-maza: Abin da ke buƙatar gaggawa da abin da ya kamata a jira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Wata rana bayan sallar Asuba, wani magidanci ya zauna a sahun baya har masallaci ya watse. Da ya ga ladan ma ya fita, sai ya matso ya gaishe mu, ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, shekaranjiya mai ɗakina ta sauka lafiya. 'Yan'uwa sai bugo waya suke yi suna tambayar me aka samu, ni kuwa ban san amsar da zan ba su ba. Ungozoma ta ce namiji ne. Ma'aikaciyar jinya ta duba, ta ce ita ba za ta iya cewa komai ba. Ga shi saura kwana biyar suna." Ya ƙara da cewa wata gwaggonsa ta ce a kira wanzami ya duba, wani abokinsa kuma ya yi masa kwatancen wani ƙaramin asibiti inda aka ce za a gyara yaron kafin ranar suna, kowa ya huta.

Duk wanda ya san zaman Hausawa zai fahimci nauyin da ke kan wannan bawan Allah. Tambayar farko bayan barka ita ce mace ko namiji. Harshen ma bai bar wa mutum mafaka ba, domin ba a yi wa jariri wasa sai an ce ka ko ki, ba a ba da labarinsa sai an ce shi ko ita. Ga kayan barka da za a saya, ga taron da za a faɗi suna a bainar jama'a. Shi ya sa iyaye da yawa suke ganin mafita ita ce a yi duk abin da za a yi cikin sauri, kafin magana ta fita.

Kuskuren da aka yi a cikin wannan mako guda yana iya bin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Abin da muka fahimta daga littattafan fiƙihu da bayanan likitoci shi ne, akwai abin da ba ya jira ko da kwana ɗaya, wato binciken lafiyar jaririn. Akwai kuma abin da bai kamata a yi masa gaggawa ba, wato yanke gaɓar da ba za a iya mayar da ita ba. Abin takaici, sau da yawa akan juya lamarin: a jinkirta na farko saboda kunya, a gaggauta na biyu saboda tsoron bakin mutane.

Halitta ce, ba laifin kowa ba

A makonnin farko na ciki, siffar ɗan tayi mace da namiji ɗaya ce. Daga wajen mako na bakwai ne hanya take rabuwa. Galibin maza suna ɗauke da ƙwayoyin halitta da ake kira kuromosom X da Y, mata kuma X guda biyu. Wata ƙwayar gado da ke kan Y ce take sa a samar da maraina, su kuma maraina su fitar da sinadarin homon da ke siffanta al'aurar namiji. Idan aka samu tangarɗa a ɗaya daga cikin waɗannan matakai, sai a haifi jaririn da abin da ke waje bai yi daidai da abin da ke ciki ba, ko kuma ido ya kasa tantance shi. Ƙwararrun likitocin da suka taru a birnin Shikago na Amurka a shekarar 2005 domin daidaita yadda ake kula da irin waɗannan yara sun ƙiyasta cewa ana samun hakan a wajen jariri 1 cikin 4,500.

Abin ba iri ɗaya ba ne. Misalai uku za su isa. Na farko, wanda ya fi yawa a tsakanin jarirai mata, shi ne larurar da likitoci suke taƙaita sunanta da CAH. Wani ɗan ƙullutu da ke saman kowace ƙoda yakan kasa samar da wasu sinadarai masu muhimmanci, ya riƙa fitar da sinadarin maza fiye da ƙima. Sai a haifi yarinya mai mahaifa da ƙwan mata cikakku, amma ɗan-tsakanta ya girma har ya yi kama da mazakuta. Na biyu, jariri mai X da Y wanda jikinsa ba ya amsa sinadarin maza ko kaɗan. Ana haihuwarta da siffar mace, ta tashi mace, sai an ga ba ta fara al'ada ba sannan bincike ya nuna ba ta da mahaifa, akwai kuma maraina a ɓoye a ciki. Na uku, jariri mai X da Y da ake haifa da kamannin mace saboda ƙarancin wani sinadari, amma da zarar balaga ta zo sai murya ta buɗe, jiki ya murɗe, mazakuta ta girma. Likita Julianne Imperato-McGinley ta wallafa bincike a kan irin waɗannan yara a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominikan a 1974, kuma mafi yawan waɗanda aka rene su a matsayin mata sun koma rayuwar maza bayan sun balaga.

Babu aljani ko sammu a cikin wannan, kuma ba alhakin wani ne ya kama uwa ba. Aya ta 6 ta Suratu Ali Imrana ta tabbatar da cewa Allah ne Yake siffanta mu a cikin mahaifa yadda Ya so. Wasu daga cikin waɗannan larurori gadonsu ake yi kamar yadda ake gadon sikila: idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Don haka sun fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita, kuma babu hujjar ɗora wa mace ita kaɗai. Haka nan kuskure ne a haɗa wanda aka halitta haka da namiji cikakken halitta mai kwaikwayon mata da gangan. Shari'a ta bambanta su tun da daɗewa.

Abin da ba ya jira

Amsar farko da muka bai wa wannan magidanci ita ce ya ɗauki jaririn a ranar ya kai shi babban asibiti. Dalili kuwa, kimanin kashi uku cikin huɗu na jariran da ke da CAH mai tsanani jikinsu ba ya iya riƙe gishiri. A kwanakin farko sukan yi kamar lafiyarsu ƙalau. Can tsakanin mako na ɗaya zuwa na uku, daidai lokacin da maijego take tsakiyar wankan jego kuma baƙi sun watse, sai jariri ya fara amai, ya ƙi kama nono, ya rame, jikinsa ya saki. Idan ba a gane abin ba, yana iya rasuwa a ce mayankwaniya ce ko wani abu daban. Alhali kuwa maganinsa sananne ne, ƙwayoyi ne da ake ba yaro kullum domin su maye gurbin sinadaran da jikinsa ya rasa. Yarinyar da ta samu wannan kulawa tana iya girma, ta yi al'ada, ta yi aure, ta haihu.

Likitoci suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk jaririn da ake zaton namiji ne amma ba a taɓa ko ɗaya daga cikin marainansa ba, a bincike shi kafin a yanke hukunci. Binciken ya haɗa da gwajin jini, da hoton ciki domin a ga ko akwai mahaifa, da gwajin kuromosom. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin yara da masu yi wa yara tiyata, kuma can ya kamata a dosa. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, ɓoye jariri a ɗaki saboda kunya har ya halaka kuwa sakaci ne da za a tambayi iyaye a kansa.

Yadda magabata suka tunkari mas'alar

Wasu suna zaton wannan sabon abu ne da zamani ya kawo. Duk ɗalibin da ya sauke Muhtasar na Shehu Halil a zaure ya san cewa da mas'alar hunsa aka rufe littafin. Malamai sun kasa hunsa kashi biyu: wanda alamomi suka bayyana matsayinsa, da hunsa mushkili wanda lamarinsa ya rikice. Mafi yawansu sun tafi a kan cewa a ilimin Allah shi namiji ne ko mace, bisa la'akari da ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura, rikicewar a wajenmu take.

Abin lura shi ne alamomin da suka lissafa. Akwai mafitar fitsari, da wadda ta riga, da wadda ta fi yawa. Sauran su ne fitowar gemu, da nono, da jinin al'ada, da maniyyi. Waɗannan huɗun na ƙarshe ba sa bayyana sai an balaga. Ma'ana, malamanmu sun yarda cewa akwai yaron da za a jira shekara goma sha wani abu kafin a san matsayinsa, kuma ba su ɗauki wannan jira a matsayin aibi ba. Malaman Shafi'iyya da wasu daga cikin Hambaliyya sun ƙara da cewa idan alamomin jiki suka gaza, sai a tambayi mutumin da kansa bayan ya balaga ɓangaren da ɗabi'arsa ta karkata, a karɓi maganarsa. Ke nan sauraron mai jikin yana da asali a fiƙihu.

Littattafan tarihi sun kawo labarin Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa a zamanin jahiliyya, wanda aka kawo wa shari'ar gadon hunsa. Ya kasa barci yana tunani, a wata ruwaya ma an ce kwana arba'in ya yi bai yanke hukunci ba, har sai da kuyangarsa mai kiwo, Suhaila, ta ba shi shawarar ya bi mafitar fitsari. Masu sharhi sukan kawo labarin domin jan kunnen masu gaggawar fatawa: idan mushiriki ya dakata haka a kan rabon dukiya, ina ga Musulmi?

Kuma Shari'a ba ta bar mai jira a banza ba. Ta ba shi wurin tsayuwa a sahun salla tsakanin yara da mata, ta ba shi kasonsa na gado. A mazhabar Malikiyya ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Idan mutum ya rasu ya bar ɗa namiji ɗaya da hunsa mushkili ɗaya, da dukiya ta N1,200,000, in an ɗauke shi namiji zai samu N600,000, in an ɗauke shi mace zai samu N400,000. Sai a haɗa a raba biyu, ya karɓi N500,000, ɗan'uwansa ya karɓi N700,000. Hanafiyya suna ba shi mafi ƙarancin kason biyu, Shafi'iyya kuma suna ba kowa abin da aka tabbatar, a ajiye ragowar har lamari ya bayyana.

Mafi kusa da batunmu shi ne maganarsu a kan kaciya. Imamu Nawawi ya rinjayar da cewa ba a yi wa hunsa mushkili kaciya sai matsayinsa ya bayyana. Ibnu Naji daga cikin Malikiyya shi ma ya tafi a kan ba a yi masa, domin idan hani da halacci suka haɗu ana gabatar da hani. Kaciya ɗan yanki ne na fata, kuma tana cikin sunnonin fiɗira, amma duk da haka suka ce a ɗaga aska saboda shakka. To yaya za a ce da cire maraina ko datse gaɓa sukutum?

Fatawar Makka da sharaɗinta

Da tiyata ta ci gaba, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Rabiɗa ta zauna a Makka a watan Rajab na 1409 bayan Hijira, daidai da Fabrairun 1989, a zamanta na 11. Ta yanke cewa haramun ne namiji cikakken halitta ko mace cikakkiyar halitta su sauya jinsinsu, domin yana cikin canza halittar Allah da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta jingina ga Shaiɗan. Amma wanda alamomin maza da na mata suka haɗu a jikinsa, sai a duba wanda ya rinjaya, kuma ya halatta a yi masa magani da tiyata ko da sinadarin homon domin a gusar da rikicewar. Hujjarsu ita ce wannan larura ce, magani kuma bayyana abin da yake nan ne tun asali.

Wannan fatawa rahama ce, ta kuma cire wa iyaye tsoron cewa neman magani saɓo ne. Sai dai wasu sun karanta ta rabi. Ta ce ya halatta, ba ta ce wajibi ne a yi kafin suna ko kafin yaye ba. Sannan ta rataya halaccin a kan sanin abin da ya rinjaya. Misalan da muka kawo a baya sun nuna ido yana yaudara: wadda aka zata namiji tana da mahaifa, wanda aka zata mace zai zama namiji da balaga. Gwajin kuromosom shi kaɗai ma bai wadatar ba, domin ga wadda take da X da Y amma jikinta da tasowarta da yadda take jin kanta duk na mace ne. Rinjaye yana tabbata ne idan ƙwararru suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje da abin da aka sani game da makomar masu irin wannan larura. Inda hakan bai tabbata ba, sharaɗin fatawar bai cika ba.

Darasin da likitoci suka koya

Daga shekarun 1950, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John Money, ya yaɗa ra'ayin cewa ana iya renon jariri a kowane jinsi aka zaɓa masa, muddin an yi tiyata da wuri kuma an ɓoye masa labarin. Asibitoci da yawa suka bi wannan tafarki shekara da shekaru. Babbar hujjarsa ita ce wani yaro ɗan Kanada, David Reimer, wanda aka haifa namiji cikakke a 1965, mazakutarsa ta lalace wajen kaciya, aka cire masa maraina aka rene shi a matsayin mace. An daɗe ana cewa gwajin ya yi nasara. Gaskiyar ita ce yaron bai taɓa yarda shi mace ba ne. Da aka faɗa masa gaskiya yana ɗan shekara 14 sai ya koma rayuwar maza. Labarin ya fito fili a 1997, shi kuma ya kashe kansa a 2004. Reimer ba mata-maza ba ne, amma da labarinsa aka kafa hujjar yi wa jarirai mata-maza tiyata.

Da waɗancan jarirai suka girma, da yawa daga cikinsu sun fito sun faɗi abin da ya same su: mutuwar jijiyoyin jin daɗi, tabo mai ciwo, tiyata bayan tiyata, rashin haihuwa saboda an cire abin da zai iya aiki, da baƙin cikin gano cewa iyaye da likitoci sun ɓoye musu gaskiya. Wannan ya sa ƙasar Malta a 2015 da Jamus a 2021 suka yi dokokin taƙaita irin wannan tiyata ga yaran da ba su kai ba da izini ba. A nahiyarmu, Kenya ta ƙirga mata-maza 1,524 a ƙidayar 2019, ta kuma sanya kariyarsu a dokar yara ta 2022. Ba daga dokokin waɗannan ƙasashe muke ɗaukar addininmu ba, kuma akwai ra'ayoyi game da jinsi a can da suka saɓa wa aƙidarmu. Amma wanda cuta ta sama idan ya ba da labarinta, shaidarsa abar lura ce ga likita da mai fatawa, tunda gusar da cuta ginshiƙi ne a fiƙihu.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Akwai ƙwararrun likitoci da har yanzu suke ganin amfanin yin gyara da wuri ga yarinya mai CAH wadda siffarta ta canza sosai, musamman idan hanyar fitsari da farji sun haɗe. Hujjarsu ita ce jinsinta a bayyane yake, mafi rinjayen irinta suna tasowa suna jin kansu mata, kuma yarinya ƙarama ba za ta tuna wahalar ba. Iyaye a wajenmu suna da ƙarin damuwa ta gaskiya, domin a gidan yawa ana yi wa yara wanka a tsakar gida, bakin yara kuma ba shi da linzami. Wannan saɓani yana nan tsakanin likitoci. Abin da suka fi haɗuwa a kai shi ne kada a taɓa abin da canjinsa kaɗan ne, kada a yanke jijiyoyi, kada a yi gaggawa inda ake shakkar jinsi, kuma kada wanda ba gwani ba ya yi aikin.

Iyakar ikon uba

Uba waliyyi ne, amma jikin ɗansa amana ce a hannunsa. Ƙa'idar fiƙihu ita ce duk abin da majiɓinci zai yi a madadin wanda ke ƙarƙashinsa a rataye yake da maslahar wannan da ake jiɓinta. Alƙur'ani ya hana kusantar dukiyar maraya sai ta hanya mafi kyau har ya kai ƙarfinsa, kuma malamai ba su yarda waliyyi ya kyautar da gonar yaro don ya faranta wa dangi ba. Idan haka aka tsare gona, gaɓar da mutum zai yi aure da ita, ya nemi zuriya da ita, ta fi cancantar tsarewa. Don haka uba ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: wannan tiyata don lafiyar yaron ce, ko don in huta da tambayoyin mutane?

Da wannan ma'auni za a iya kasa tiyatar kashi uku. Kashi na farko ita ce ta ceton rai ko kare lafiya, kamar idan fitsari ba ya fita, ko yana komawa yana lalata ƙoda, ko likitoci sun tabbatar da babban haɗarin ciwon daji a wata gaɓa da ba ta ginu daidai ba. Wannan ana yin ta a lokacin da likita ya ce, jinkirta ta ma laifi ne. Kashi na biyu ita ce ta gyaran aiki ga yaron da jinsinsa ya tabbata, kamar namijin da ƙofar fitsarinsa ta buɗe a ƙasa. Wannan ta halatta, lokacinta kuma shawara ce tsakanin iyaye da ƙwararru bayan an auna amfani da illa. Kashi na uku ita ce wadda manufarta kamanni ne kawai, ko take cire maraina ko ƙwan mace ko wata gaɓa mai jijiyoyi, alhali jinsin bai tabbata ba ko babu cutar da ke tilastawa. A nan abin da ya fi kusa da taƙawa shi ne a dakata har lamari ya bayyana, mai jikin ya yi hankali a ji ta bakinsa. Malamai sun haɗu a kan haramcin dandaƙe ɗan Adam, ba a kuma keta wannan hani da zato. Abin da aka bari yau ana iya gyara shi gobe, wanda aka yanke kuwa ya tafi ke nan. Da-na-sani ƙeya ce.

Iyaye suna da haƙƙin yi wa likita tambayoyi ba tare da jin nauyi ba. Mene ne sunan larurar, kuma wane gwaji ne ya tabbatar da ita? Me zai faru idan aka jira shekara biyar ko goma? Me za a cire, kuma zai shafi haihuwa ko zaman aure? Sau nawa likitan ya taɓa yin irin wannan aiki? Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan tambayoyi, ba ya kuma hana a nemi ra'ayin wani. Wanzami kuwa, duk da mutuncin sana'arsa, wannan ba fagensa ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya yi aikin likita ba a san shi da iliminsa ba, shi ke da alhakin ɓarnar da ta biyo baya.

Suna, yanka da kaciya

Dakatar da tiyata ba ya nufin a bar yaro ba matsayi. Likitoci suna ba da shawarar a rene shi a jinsin da bincike ya fi ƙarfafawa, a kira shi da shi, a yi masa sutura irin tasa, tare da barin ƙofa a buɗe idan balaga ta zo da wani bayani. Ragon suna ba matsala ba ne, domin a mazhabar Imamu Malik dabba ɗaya ake yankawa ko mace aka haifa ko namiji. Taron suna al'ada ce, ana iya taƙaita shi a ce jariri yana asibiti, kuma ba a yi ƙarya ba. Idan sakamako bai fito ba, sunayenmu da yawa tagwaye ne, irin su Aminu da Amina, Jamilu da Jamila, Habibu da Habiba, sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya ba ta da wuya. Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya sauya wa manyan sahabbai sunaye, balle jariri. Kaciya kuma a jinkirta ta. Ban da maganar malamai da ta gabata, likitoci sukan buƙaci wannan fatar idan za su gyara hanyar fitsari.

Sutura ga mutane, gaskiya ga mai jiki

Sirrin yaro ba na unguwa ba ne. Ungozoma da ma'aikatan asibiti da malamin da aka nemi shawararsa duk amana ce a wuyansu, kuma hadisi ingantacce ya yi alƙawarin suturar Allah ga wanda ya suturta Musulmi. Ɗaukar hoton al'aurar yaro a yaɗa a waya da sunan neman taimako cin zarafi ne da zai tarar da shi idan ya girma. Mai tsokana da mai laƙaba suna kuwa, aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta ishe su gargaɗi.

Amma shi mai jikin ba a ɓoye masa. A riƙa yi masa bayani daidai hankalinsa, a adana masa takardun asibiti, ya san sunan larurarsa da dalilin maganin da yake sha, ya kuma ji daga bakin iyayensa cewa shi ba abin kunya ba ne. Idan maganar aure ta taso, a nemi likita da malami masani a zauna, a sanar da wanda zai aura abin da ya shafi haƙƙinsa, domin fiƙihunmu ya ba miji ko mata zaɓin warware aure idan aka ɓoye aibin da ke hana saduwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magidancin nan ya dawo bayan wasu makonni. Bincike ya nuna mace ce, tana da mahaifa, kuma tana cikin masu zubar da gishiri, an ɗora ta a kan magani tun kafin jikinta ya rikice. Ya yanka ragonsa a rana ta bakwai ba tare da taro ba. Game da tiyata, ya ce likitoci sun yi musu bayanin hanyoyi biyu, shi da mahaifiyarta suna shawara suna kuma istihara, ba wanda yake kora su. Muka tuna masa cewa Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya yabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da rashin gaggawa. Muka roƙe shi kada ya yi wasa da maganin ko da kwana ɗaya, kuma idan Allah Ya sake ba su haihuwa a gwada jaririn tun a kwanakin farko, ko da namiji ne, domin larurar tana kama maza ba tare da wata alama a waje ba.

Allah Ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, Ya ba iyayen da aka jarraba da wannan juriya da basira, Ya sa likitocinmu su ji tsoronSa a cikin aikinsu. Allah ne Mafi sani.